Kama da Wane Ba Ta Wane: Makyarkyatar Jiki da Ire-irenta

 Yau a kan lafiyar tsofaffinmu za mu zanta. Da wuya ki shiga babban gida ki rasa dattijo ko dattijuwa da hannu ke rawa, ko wanda tafiyarsa ta koma jan ƙafa. Mu a gida mukan ce tsufa ne, wasu su ce sanyi ne ya shiga ƙashi, wasu kuma su ja ki gefe su ce hannu aka sa masa. Idan an dace an je asibiti, galibi da suna ɗaya ake dawowa, wato ciwon Fakinsan. To sunan gaskiya ne, akwai ciwon, amma yana da 'yan uwa da maƙwabta masu kama da shi sosai, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A cikinsu akwai wanda ke warkewa sarai da zarar an daina shan wata ƙwaya, akwai kuma wanda allura ɗaya da aka yi bisa kuskure za ta iya kwantar da mai shi.

Kila ki ce, to ni da nake cikin gida me ya haɗa ni da aikin likita? Ki bari ki ji. Wannan ciwo ba kamar zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a ɗebi jini a ce ga shi. A asibitocinmu likita da abu biyu yake gane shi: abin da idonsa ya gani cikin 'yan mintocin da yake tare da marar lafiya, da kuma labarin da aka ba shi. Wa ke raka Baba asibiti? Maigida ne ko ƙanensa, waɗanda ke fita tun da safe sai dare. Wa ya san da wane hannu rawar ta fara, wa ya ga ranar da Inna ta faɗi a bakin murhu, wa ke jin ihun da Malam ke yi cikin barci ta bayan bango? Ke ce. Wadda ta san labarin tana gida, wanda bai sani ba shi ke gaban likita. Sai likita ya yi tambaya a ce masa "haka dai muka gan shi."

Bari mu fara da shi kansa uban tafiyar. A shekarar 1817 wani likita a birnin Landan mai suna James Parkinson, wanda bakinmu ya mayar Fakinsan, ya rubuta bayanin mutum 6 masu wannan lalura. Uku daga cikinsu ma a kan titi ya gan su, ya lura da yadda suke tafiya. Bayan fiye da shekara 50 wani babban likita a Faransa, Charcot, ya raɗa wa ciwon sunan wancan likita, shi ne kuma ya ja hankali cewa akwai masu ciwon da ba sa rawar jiki sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu fama da shi sun haura miliyan 8 da rabi.

Abin da ke faruwa shi ne, can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke samar da sinadarin da ake kira dofamin. Aikinsa kamar na mai ne a keken ɗinki. In akwai mai, ki taka keke ya tafi sumul. In ya ƙare, keken yana nan, ƙafarki tana nan, amma komai sai da ƙyar. A ciwon Fakinsan ƙwayoyin da ke yin wannan sinadari ne ke mutuwa sannu a hankali cikin shekaru.

Saboda haka babbar alamarsa ba rawa ba ce kamar yadda muke zato, nauyin motsi ne. In babu wannan, likita ba zai kira shi Fakinsan ba ko da hannu na kaɗawa kamar ganye. Za ki ga Hajiya da ke ɓare gyaɗa kwano guda kafin azahar, yanzu rabin kwano ya gagare ta. Ɗaura ɗankwali ya zama aiki. Malam yana daɗewa wajen ɓalle maɓallin riga, rubutunsa a allo ko a takarda yana farawa da girma ya ƙare ƙanana kamar tururuwa. A asibiti likita kan ce mutum ya riƙa haɗa babban yatsa da manuni yana buɗewa da sauri. Mai wannan ciwo zai fara da kyau, sai buɗewar ta yi ta raguwa har ta kusa tsayawa. Fuska ma tana yin nauyi, ƙiftawa ta ragu, murya ta yi ƙasa, har a riƙa cewa Baba ya cika fushi kwanan nan, alhali ba fushi yake ba, fuskar ce ta daina nuna abin da ke zuciya.

Sai rawar. Ta Fakinsan rawar hutu ce. Tana zuwa ne lokacin da hannu ke ajiye a cinya ba ya komai, yatsu suna murzawa kamar mai jan carbi ko mai mulmula fura. Da ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa, sai ta lafa ko ta ɓace. Kuma kusan kullum a ɓangare ɗaya take farawa, dama ko hagu, ta jima a nan kafin ta tsallaka, wancan ɓangaren kuma ya ci gaba da fin ɗayan tsanani. Ki kalle shi in yana ratsa tsakar gida: hannu ɗaya yana lilo, ɗayan yana manne a jiki. Akwai kuma wasu alamu da kan riga rawar zuwa da shekaru, waɗanda ba wanda zai kawo a ransa suna da alaƙa: daina jin ƙanshi, har ki turara ɗaki bai ji ba, ko tuwo ya ƙone a gabanta ba ta ji ƙauri ba, taurin bayan gida mai naci, da kuma dambe da ihu cikin mafarki, har mutum ya bugi wanda ke kusa da shi ko ya faɗo daga gado.

To yanzu ga wadda aka fi rikita ta da shi, ita ce rawar gado. Ta fi Fakinsan yawa nesa ba kusa ba, kuma ita kishiyarsa ce a ɗabi'a. In hannu na ajiye, lafiya lau. Sai an ɗauki kofin shayi za a kai baki, ko cokali, ko za a zura zare a allura, sannan rawar ta taso, shayi ya yi ta zuba. Hannu biyu take kamawa, wani lokaci har kai ya riƙa kaɗawa kamar mai cewa a'a, murya ma ta yi rawa. In kin bincika, sau da yawa za ki ji mahaifinsa ko gwaggonsa haka suke. Mai ita zai yi shekara 20 yana rawa amma tafiyarsa garau, fuskarsa a sake, yana zuwa kasuwarsa. Goro da kofi da shayi mai kauri suna ƙara ta, haka fargaba da gajiya. Maganin Fakinsan ba ya yi mata komai, nata daban ne, kuma ɗaya daga cikin nata bai dace da mai asma ba, shi ya sa ba a aron maganin maƙwabci.

Tun da na ambaci asma, shi kansa Ventolin da ake shaƙa ko ake sha yana sa yatsu rawa, haka Epilim na masu farfaɗiya. Mace kuma da ke rama alhali tana ci, ga zufa, ga bugun zuciya, ga yatsu na karkarwa, a duba maƙoƙo, wannan kam gwajin jini yana nunawa.

Wurin da nake so mu daɗe shi ne makyarkyatar da magani ke jawowa, domin ita ce ta fi shafarmu mu mata, musamman masu manyan shekaru, kuma ita ce asarar da ta fi ciwo tun da ana iya kauce mata. Kin tuna man keken nan, dofamin? Akwai magunguna da ke toshe masa hanya. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar suna nan lafiya, suna yin sinadarin, amma an tare shi. Sai mutum ya sandare, tafiya ta yi nauyi, fuska ta daskare, miyau na dalala, kamar mai Fakinsan sak. Na farko su ne magungunan taɓin hankali irin su Largactil da Haldol da allurar wata-wata da ake yi wa wasu. Na biyu, kuma su ne ba a zarginsu, magungunan amai da tashin zuciya da jiri: Maxolon ko Plasil, wanda za ki ga an rubuta metoclopramide a jikin kwali, da Stemetil, da Stugeron. Waɗannan kuwa yaro ake aika kemis ya sayo. Tsohuwa ta ce cikinta na tashi, a sayo mata, ta ji daɗi, shi ke nan ya zama abin sha kullum har wata 6. A 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita shan metoclopramide zuwa kwana 5 kacal saboda irin wannan illa. Kin ji, kwana 5, ba wata 5 ba.

Yadda ake gane ta: galibi ɓangare biyu take kamawa lokaci guda, kuma cikin makonni ko 'yan watanni bayan fara maganin, ba a hankali cikin shekaru ba. In likita ya janye maganin, yawanci jiki na dawowa, ko da yake yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Wanda bai dawo ba, to dama akwai Fakinsan a ɓoye, maganin ya tono shi ne. Amma fa ki ji da kyau, in maganin taɓin hankali ne, ba ke za ki tsayar da shi ba, ba maigida ba. A koma wa likitan da ya rubuta, shi zai rage ko ya sauya, don kada a gudu daga wani ciwo a faɗa wanda ya fi shi.

Bari in ɗan ratse, don abin ya shafi 'yan matanmu. Waɗannan magungunan amai, in aka yi wa yarinya ko matashiya allurarsu, wani lokaci cikin awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu sai wuya ya murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya fito, haƙora su datse, alhali tana ji tana gani. Gida ya rikice, a ce iskoki ne. A tambaya tukuna, an yi mata allurar amai jiya? In e, a garzaya asibiti da sunan maganin, akwai allurar da ke warware shi cikin mintoci.

Mu dawo kan tsofaffi. Akwai wanda daga ƙugu zuwa sama lafiya yake, hannu ba rawa, fuska a sake, yana hira yana dariya, amma ƙafafu sun ƙi. Yana tafiya da ƙananan taku, ƙafa a ware, in ya zo bakin ƙofa sai ya kafe kamar an liƙe shi da ƙasa. In mai hawan jini ne ko ciwon suga da ya daɗe, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, likita zai yi tunanin ƙananan jijiyoyin jini ne suka toshe a ƙwaƙwalwa. Wannan lalacewarsa hawa-hawa ce, yau ya ragu, ya tsaya a nan watanni, sannan ya sake raguwa. Maganin Fakinsan ba ya cika yi masa aiki, babban maganinsa riƙe hawan jinin da sugan. Akwai kuma mai kama da shi wanda ruwa ne ya taru a ramukan ƙwaƙwalwa. Alamunsa uku ne ke tafiya tare: jan ƙafa, kasa riƙe fitsari, da mantuwa. Kowa zai ce tsufa ne ya zo. Amma hoton ƙwaƙwalwa yana nuna shi, kuma akwai tiyatar da ake sa siririn bututu ya janye ruwan, wasu su miƙe su ci gaba da tafiya. Wannan shi ne amfanin hoton da likita ke turawa a yi. Shi Fakinsan na asali hoton da aka saba yi ba ya nuna shi, sau da yawa sakamako ya fito ba komai. Kada a ce an yi asarar kuɗi, an yi hoton ne don a kore waɗannan.

Sai kuma masu wuyar sha'ani, waɗanda a shekarar farko ko ƙwararren likita na iya ɗaukarsu Fakinsan. A 1992 masu bincike a Landan sun duba ƙwaƙwalwar mutum 100 da suka rasu, waɗanda duk an ce musu Fakinsan ne lokacin suna raye. 76 ne kawai aka tarar shi ne, sauran 24 wasu cututtuka ne daban. Ilmi ya ƙaru tun daga lokacin, amma har yau lokaci ne ke bayyana wasu. Saboda haka in likita ya ce Fakinsan ne, bayan shekara biyu ya sauya magana, ba rashin iya aiki ba ne, ciwon ne ya fito da fuskarsa.

Na farkonsu likitoci na kiransa da haruffa uku, PSP, wasu likitoci 3 a birnin Toronto na ƙasar Kanada ne suka fayyace shi a 1964. Mu ce masa mai kayarwa ta baya. Mai Fakinsan yakan yi shekaru kafin ya fara faɗuwa, kuma shi a duƙe yake tafiya. Wannan kuwa tun shekarar farko ko ta biyu yake faɗuwa, yawanci ta baya, kamar an sare itace, jikinsa a miƙe, wuya a sandare. Idanunsa kuma su kasa duban ƙasa. Ke da ke kai masa abinci ke za ki fara gani: yana zubar da miya a gaban riga, yana barin tuwon da ke gefen kwano na kusa da shi, yana tuntuɓe da buta ko dokin ƙofa, in zai zauna sai ya faɗa kujera gaba ɗaya. Idon a buɗe kamar mai mamaki. Magana da haɗiya suna lalacewa da wuri, yana yawan ƙwarewa da ruwa.

Na biyu shi ne MSA. Shi kuma sassan jiki da ke aiki da kansu yake fara taɓawa. Mutum ya miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe shi, ido ya yi duhu, har ya suma, domin jininsa faɗuwa yake yi in ya tashi. Likita zai auna shi a kwance, ya sake aunawa a tsaye cikin minti 3. In lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, abin lura ne. Fitsari ya riƙa kufcewa ko ya ƙi fita, namiji kuma ƙarfinsa na aure ya tafi tun kafin a ga komai a tafiyarsa. Wasu suna tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, wasu kansu ya rinjayo gaba har haɓa ta kusa taɓa ƙirji. Akwai kuma wata ƙara da suke yi cikin barci in suna jan numfashi, siririya mai kaifi, ba irin minsharin da kika sani ba. In kin ji wannan, a gaya wa likita cikin gaggawa, maƙogwaro ne ke tsukewa. Mai Fakinsan ma yakan samu jiri da matsalar fitsari, amma a can gaba. Bambancin shi ne wuri da tsanani. Duk wanda cikin shekara 5 da fara ciwo ya koma keken guragu, likita zai sake nazari.

Na san a nan akwai kunya. Yaya za ki buɗe baki ki yi maganar fitsarin surukinki? Ba sai kin faɗa a gabansa ba. Ki gaya wa maigida ku biyu, ko ki gaya wa Inna ta gaya wa ɗanta, ko a rubuta a takarda a miƙa wa likita. In mijinki ne marar lafiyar, abin da ya shafi shimfiɗa ke kaɗai kika san lokacin da ya fara, kuma wannan lokacin yana iya zama abin da zai raba wa likita gardama.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tausayi, domin masu shi sun fi kowa shan wahala a hannun masoyansu. Sunansa mantuwar Lewi. Tsohuwa ta fara ganin mutane a ɗaki, ko yara ƙanana zaune a bakin gado, ko kyanwa ko maciji, tana ba da bayaninsu dalla-dalla har launin tufafi. Da safe tana cikin hankalinta tas, ta gane kowa, da la'asar ta ɗimauce, gobe kuma ta dawo. Ga nauyin jiki da jan ƙafa. Saboda wannan sauyin wasu ke cewa da gangan take yi, wasu su ce mutanen ɓoye ne, har a wasu wurare a jefi baiwar Allah da maita. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ɗan uwan Fakinsan na jini. Likitoci suna raba su da lissafin shekara ɗaya: in ruɗewar ta riga nauyin jiki zuwa, ko suka zo cikin shekara guda, Lewi ne, in mutum ya yi shekaru da Fakinsan sannan mantuwa ta biyo baya, wannan mantuwar Fakinsan ce. Haɗarin yana nan: in aka ga tana gane-gane aka kira mai allura ya yi mata Largactil ko Haldol don ta yi barci, masu wannan ciwo da yawa jikinsu ba ya ɗauka ko kaɗan. Tana iya sandarewa, ta kasa haɗiya, ta shiga mawuyacin hali har a rasa ta. Duk tsohon da ke gane-gane kuma yana jan ƙafa, kada a yarda a yi masa allurar kwantar da hankali sai likitan da ya san labarinsa duka ya gani.

Haka nan Artane, ƙwayar nan mai araha da ake yawan bai wa masu rawar hannu. Tana rage rawa, amma ga wanda ya manyanta tana kawo ruɗewa da gane-gane da riƙewar fitsari. In Baba ya fara surutai bayan an sa shi a kanta, a faɗa wa likita kafin a ce ciwon ne ya ci gaba.

Akwai wani da ba a cika gani ba, inda hannu ɗaya ke sandarewa ya daina bin umarni, har mai shi ya ce kamar ba nasa ba. Wanda ya fi shi muhimmanci a gare mu shi ne na yara da matasa. In rawar jiki ko sandarewa ko lalacewar magana ta kama wanda bai kai shekara 40 ba, musamman in ya taɓa shawara ko ciwon hanta, ko halinsa ya sauya, likita zai nemi cutar Wilson. Gado ce, sinadarin tagulla ne ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa, kuma ta fi fitowa inda uwa da uba dangin juna ne, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Likitan ido na iya ganin zobe mai ruwan ƙasa a gefen baƙin ido. Tana da magani in an kama ta da wuri, kuma akan gwada sauran 'yan ɗakin.

To in likita ya auna duk wannan ya karkata ga Fakinsan, sai ya ba da lebodofa, wanda ake sayarwa da suna Sinemet ko Madopar. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi, jiki ne ke juya shi ya zama dofamin. Maganin nan magani ne kuma gwaji ne. Mai Fakinsan na asali yakan ji sauƙi a fili, wanda ya kasa ɗaura zane ya ɗaura, murya ta fito. Masu PSP da MSA da na jijiyoyin jini kuwa, ko dai ba sa jin komai, ko su ji kaɗan na ɗan lokaci. Kin san Muhammad Ali, zakaran damben duniya. A 1984 aka tabbatar masa da ciwon yana da shekara 42, duniya kuma ta ga hannunsa na rawa ranar da ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996. An daɗe ana cewa naushin da ya sha a ka ne kawai. A 2022 likitocin da suka duba shi shekara da shekaru suka bayyana cewa nasa Fakinsan ne na asali mai kama mutum da ƙuruciya, hujjarsu kuwa irin wadda muka zanta ce: rawar hutu a hannun hagu, nauyin motsi da ya fi yawa a ɓangare ɗaya, jin maganin lebodofa, da tafiyar ciwon a hankali. Ya rayu shekara 32 da shi kafin rasuwarsa a 2016.

Amma gwajin ba ya yin daidai sai an sha maganin daidai, kuma nan ma hannunki ne. A sha a kan lokaci. Nama da wake da ƙwai da nono suna gasa da shi wajen shiga jiki, don haka an fi so a sha kamar rabin awa kafin abinci ko awa guda bayansa, ba a kora shi da fura da nono ba. Likita da kaɗan yake farawa yana ƙarawa, saboda haka kada a yi mako ɗaya a ce ba ya aiki a ajiye. Kuma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa farat ɗaya, yana da haɗari. In kuɗi za su yanke ko azumi ya gabato, a yi shawara da likita tun da sauran ƙwaya a kwali. Ki lura da awa nawa sauƙin ke ɗauka bayan kowane sha, wannan ma likita zai tambaya.

Wanda ya fi dacewa ya ga irin wannan marar lafiya shi ne likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ba likitan taɓin hankali ba ne, kada sunan ya sa Baba ya ƙi zuwa. Ana samunsu a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato da Maiduguri, da Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Ko da an ce ciwon na masu wuyar ne da lebodofa ba ya yi musu, zuwan bai zama banza ba: za a tura shi sashen gashi, a nuna muku yadda za a kaurara masa ruwa da kunu don kada ya ƙware, a gyara maganin hawan jininsa in shi ke ƙara jirin, ku kuma ku kawar da tabarmi mai naɗewa da turmi daga hanyarsa, a sa fitila a hanyar bayi.

Daren da za a wayi gari a tafi asibiti, ki zaunar da wanda zai yi rakiya, ko ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta, da boko ko da ajami duk ɗaya ne in akwai mai karantawa. Yaushe abin ya fara? In ba ki riƙe wata ba, ki ce kafin babbar sallar bara, ko lokacin da aka yi sunan wance. Da wane ɓangare ya fara, yana hutu ne ko yana aiki? Yaushe ya fara faɗuwa, ta gaba ko ta baya, sau nawa? Me yake yi cikin barci? Akwai mai irin wannan a dangi? In kina da waya mai ɗaukar hoto, ki nemi izininsa a ɗauke shi yana zaune hannu a cinya, yana shan ruwa, yana tafiya ya juyo, domin sau da yawa rawar takan ɓuya a gaban likita. Sannan ki tattara duk maganin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da kwalin da ya ƙare da wanda yake sha don amai ko jiri da ba wanda ya ɗauke shi magani. A tafi da ledar gaba ɗaya a zazzage ta a teburin likita.

Sai mun sake haɗuwa, a gaishe min da su Inna da su Baba da jiki.